Jandarma da Rabin Daɓenta

Allah ya karɓi kakata ranar kasuwa da hantsi, ina can a kan motona, wato babur, ina jigilar mutane a kabu-kabu tsakanin garinmu da Dogo-Dogo. Shi ya ba mu ita, shi ya karɓi abarsa, wannan ba ni da ja. Da mutane nake da ja, kuma in ban faɗa ba cikina zai fashe kamar tayar da aka cika wa iska.

Kafin la'asar gidanmu ya cika maƙil, ka ce taki ake rabawa kyauta. Maza a rumfa a waje, mata a ciki, ni kuma ina tsakani, in kai buta nan, in kai tabarma can. Saboda haka babu gaisuwar da ta wuce kunnena. Kowa ya zo sai ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ta huta. Har nan lafiya lau. Sai kuma a sassauta murya, a karkata kai kamar wanda zai ba da sadaka, a ce: mu dai mun yafe mata.

Na farko na ji, na ce amin. Na biyu na ji, na wuce da butata. Da abin ya zama kamar amshin waƙa sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Wata ma har da ƙari, wai baiwar Allah ce mai hannu a sake, sai dai ɗan girman kan nan, to kowa da nasa. Gwaggo tana kuka tana godiya. Godiya fa. An zo gidanmu an yafe wa uwarta ciwon gwiwa, ita kuma tana cewa Allah ya saka da alheri.

Bari in gaya muku wadda kuka yafe wa.

Ga yaran da suka buɗe ido a kan siminti, daɓe shi ne yadda ake yi wa ɗaki ƙasa tun kafin a san buhun siminti. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, su yi ta duka suna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sumul, sannan a shafa makuba ta yi baƙi tana sheƙi. Tun safe har rana ta karkata. A kan gwiwa. Kakata ita ce uwar daɓe, ita ke fara durƙusawa, ita ke tashi ƙarshe, kuma kusurwoyin da kowa ke gudu nata ne. In ta bakina za ku ji, daga Dungas har Sassumbrum babu ɗakin amaryar da gwiwarta ba ta taɓa ba. In ta bakin masu tsoron Allah za ku ji, garinmu ne da ƙauyukan kewaye. Ko hakan ai ya isa. Rabin waɗanda suka zo gaisuwa a kan daɓenta aka haife su, a kansa suka yi rarrafe, a kansa suka yi fitsarin farko.

Kuma daɓe aikin rani ne kawai. Sauran shekara fa? Niƙa a dutse, a durƙushe. Ruwa daga rijiya, tulu a ka, goyo a baya, yashi har idon sawu. Roron gyaɗa a tsugune. Wanki a tsugune, tuƙin tuwo a tsugune, shara a sunkuye. In ta gama duk wannan, namiji ya shigo, ta durƙusa ta gaishe shi. Ni dai na ce da gwiwa tana da baki, da tata ta kai ƙara wurin alƙali tun ban zo duniya ba.

Ni mijinta ne, kamar yadda kowane jika yake mijin kakarsa, sai dai ni na ɗauki auren da gaske. Ina kiranta amarya, tana kirana miji maras amfani. In na shigo hannu rabbana sai ta ce ga shi nan, ya zo da bakinsa. In na kawo goro ta ce na wace bazawara ce aka ƙi karɓa. Ni kuma in ta motsa gwiwar ta yi ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen kara, sai in ce amarya, ki sa mata mai, ta fi tsohon motona ƙara. Ta ce motonka sau nawa ya ciyar da gari?

Haka muka yi ta wasa da abin har ranar da ya daina zama wasa.

Damina ta rushe tsohon ɗakinta, Baffa ya gina mata sabo. Ya ce zai zuba siminti. Ta dube shi kamar ya ce zai zuba mata kashin jaki. Uwar daɓe a kan siminti? Sa'anninta sun tsufa, 'yan mata ba su san ma yadda ake riƙe madaɓi ba, ta ce ita kaɗai za ta yi abinta, kaɗan-kaɗan. Ta ɗaure tsumma a gwiwa ta fara daga bakin ƙofa. Wata rana da azahar na dawo cin abinci na ji shiru, babu bugu. Na leƙa. Tana kwance a gefe ɗaya a kan ɗanyar ƙasa, madaɓi a hannu, gwiwoyi sun kumbura kamar ƙwarya. Ba ta kira kowa ba. Ban san tun yaushe take nan ba, kuma ba ta faɗa ba. Na ɗaga ta. Abin da ta ce kawai shi ne in rufe ƙofa kada kaji su ɓata mata aiki.

Daga ranar gwiwa ba ta sake lanƙwasuwa ba. Daɓe ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta sa na shimfiɗa manyan tabarmi a kan rabin da ya rage yashi, ta ja gado can, baƙi kuwa a bakin ƙofa take tarbarsu.

Na kai ta asibitin Magarya a moto, tana zaune a karkace ƙafafu a miƙe, ka ce ƙyaure na ɗauko. Duk wanda muka wuce sai ya kauce. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya nuna mana, ya ce akwai guringuntsi da Allah ya sa tsakanin ƙashi da ƙashi kamar matashi, nata ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ya tambayi aikinta. Da na lissafa masa sai ya gyaɗa kai, ya ce irin wannan a wurin 'yan dako yake gani, da magina, da masu haƙar rijiya, da matan da suka ƙare rayuwarsu a durƙushe. Ya rubuta ordinas, takardar magani, ya ce kada ta ɗauki kaya, kada ta durƙusa, ta huta. Ta ce masa, ɗana, ina kake tun ina budurwa? A hanya tana ta tambayata a wace butik ake sayar da hutun nan, mu tsaya in awo mata.

A gari kuwa kowa likita ne. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce tsufa ne, wani ya ce ta taka wani abu. Tsufa? Alhajin shagon bakin tasha ya girme ta, tun da na san shi a kan kujera yake, kuma har gobe yana tsugunawa ya miƙe kamar kwaɗo. Aiki ne ya ci ta. Aikin ɗakunanku.

Sai aka naɗa sabon maigari. Yaro ne a wurinta, ita ta yi daɓen ɗakin auren uwarsa. Matan unguwa suka yi ayari zuwa gaisuwa. Na ce amarya, ki zauna, wa zai ƙirga ku? Ta ce a ce an naɗa ɗan wance ba ta je ba? Ta ja sandarta ta bi su. Suka shiga zaure, mata suka zube ƙasa gaba ɗaya, ita kuma ta tsaya ƙiƙam a tsakiyarsu kamar dabino a gonar wake, ta dafa ƙirji, ta ce ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙo. Maigari ya amsa a daƙile. A hanyar dawowa, Iya mai waƙa, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ke ba da waƙa a wurin daɓe suna amsawa, ita ce ta ce a gaban kowa ashe da jandarma muka zo.

Kafin magariba sunan ya zaga gari. Jandarma. Yara in sun hango ta sai su ƙame su sara mata, ɗaya ya ce gardabu, irin kiran ƙamewa na masu fareti, sauran su tuntsire da dariya. Na kori wasu da moto har bakin tabki, amma suna ba ya koruwa da moto. Aka daina aiko mata goron biki. Naman suna ya daina sanin hanyar ɗakinta. In ta wuce majalisar mata sai a tuna ana da aiki. Ranar idi ta je fili da bidon, jarkar ruwa, ta zauna a kai, ta yi sallarta tana sunkuyar da kai, kamar yadda malam ya ce mata ya halatta. Aka ce kun gani, ko Ubangiji ba ta yi wa sujada, balle maigari. Wannan maganar ta kai mata. Ita kaɗai ce na ga ta sa ta ajiye abinci ba ta ci ba.

Abin da ya ƙara mata laifi, ta hana a durƙusa mata. Ranar da aka kawo matata ta zo gaishe ta, tana shirin kaiwa ƙasa, kaka ta buga sanda ta ce tashi, ki adana gwiwarki, biyu kawai aka ba ki kuma ba a sayarwa a kasuwa. Haka take yi wa duk yarinyar da ta shigo. In ta ga mai niƙa sai ta jefa mata tsumma ta sa a ƙarƙashi. In ta ga yarinya da babban tulu ta ce a rage, a je sau biyu. Aka ce tana lalata matan mutane.

Mun yi faɗa da ita a kan zargin girman kan nan, faɗa na gaske, ba na miji da amarya ba. Na ce ki bari in hau kan moto ranar kasuwa in yi shela, in ɗaga hoton ƙashin nan kowa ya gani. In kin ƙi, ki buɗe ɗaki su ga daɓen. Ta ce, “In ce musu me? Wadda ta yi wa gari daɓe ta kasa nata, ku tausaya mata? Gara su ce girman kai. Shi dai aƙalla nawa ne.” Na ce to ai suna ci gaba da cin namanki. Ta ce su ci, ya tsufa, haƙoransu za su gaya musu. Sannan ta nuna ni da sanda ta ce muddin tana numfashi kada in kuskura in ɗaga mata tabarma, in ta tafi kuwa in yi surutuna, dama shi kaɗai na iya.

To, ta tafi.

Ranar sadakar uku tsofaffin mata suka cika ɗakinta, har can ciki inda ba ta taɓa barin kowa ya kai ba. Ina shigowa da ƙwaryar gumba sai ga Iya mai waƙa. Ta dafa bango, ta sauka ƙasa a hankali tana cije leɓe, ta gaida Gwaggo. Sannan ta ɗaga murya don kowa ya shaida, ta ce tsakaninta da marigayiya babu komai, kunyar da ta ba matan unguwa a zauren maigari ta yafe duniya da lahira.

Na ajiye ƙwarya. Na ce iyayena ku yi haƙuri ku ɗan matsa. Gwaggo ta ce kai, ba ka da hankali ne, a cikin mutane? Ban saurare ta ba. Na kama bakin tabarma na ja, na ja ta biyun ma, har wata tsohuwa ta kusa tafiya da ita.

Ga shi nan. Daga ƙofa zuwa tsakiya daɓe ne baƙi sumul, irin wanda ƙuda zai zame a kai ya karye. Daga tsakiya zuwa bango yashi ne tsagwaron. A kan iyaka, inda ƙasa take ɗanya ranar da na ɗaga ta, ga gurbin gwiwa biyu sun bushe a ciki.

Na ce ga wadda kuka yafe wa. Na ce matar da ta kasa durƙusawa ta ƙarasa ɗakin da take kwana a ciki, ita kuke so ta durƙusa wa yaron da ya yi rarrafe a kan aikinta. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba, don malam yana iya karantawa.

Iya mai waƙa ta ja jiki zuwa wurin, ta shafa daɓen da tafin hannu kamar mai duba yadi. Ta sa yatsu a cikin gurbin. Ta daɗe a haka. Ni ina jiran ta ce ba ta sani ba, in ce ƙarya take. Sai ta ɗago ta ce:

“Kai yaro, ka ɗauka ba mu san tana ciwo ba? Wace ce a ɗakin nan gwiwarta ba ta ciwo? Tare muka yi aikin. Mu muna cijewa mu kai ƙasa, mu cije mu tashi. Sai muka ga ita ta tsaya. Muka ce ta fi mu ne?”

Na duba ɗakin. Sai a lokacin na gan su da kyau. Wannan ta miƙe ƙafa ɗaya a ɓoye ƙarƙashin zane. Waccan tana murza gwiwa da hannu ba ta ma san tana yi ba. Wata ta zauna a kan ɗuwawu ɗaya kamar mai zaman ƙaya. Ɗaki guda cike da guragun da ba su yarda su guragu ba ne, sun haɗu sun kori wadda ta riga su ƙarewa. Na zo da fushin mutum ɗaya, sai ga shi ban san inda zan sauke shi ba, don ya fi ƙarfin ɗakin.

Na ce to Iya, wa ya ce sai kun kai ƙasa? Ta ce haka muka tarar. Na ce ita ma haka ta tarar, ga inda ya kai ta.

Ta sake duban gurbin. Ta ce ba ta san abin ya kai ga ɗakinta ba, da ta sani da ta zo da madaɓinta. Ban ce mata komai ba, don amsar da ke bakina ba ta gidan rasuwa ba ce.

Da ta tashi tafiya ta dafa ƙasa, ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Wannan aikin na san shi. Na zagaya bayanta na sa hannu a hammata na ɗaga, gwiwar ta yi ƙaras-ƙaras, irin ƙarar nan dai, har na ji hawaye sun zo mini, abin da bai faru ba ko a maƙabarta. Ta riƙe hannuna muka fito.

A rumfa ga maigari, ga liman, ga dattawa, kuma babu hanyar fita sai ta gabansu. Na ji ta fara sauka, nauyinta yana jan hannuna ƙasa. Ban riƙe ta ba, ban kuma sake ta ba. Ta kai rabi ta tsaya. Sai ta miƙe, ta dafa ƙirji, ta ce ranka ya daɗe, ya ƙarin haƙurinmu. A tsaye. Maigari ya dube ta, ya dube ni, ya sami wani abu mai muhimmanci a cikin telefon ɗinsa, ya amsa ƙasa-ƙasa. Wani daga baya ya yi gyaran murya. Na juya ina neman mai muryar, kowa ya zama salihi yana jan carbi.

Baffa ya ce bayan arba'in zai zuba siminti a ɗakin a sa buhunan gero. Na ce ya zuba, amma ya haɗa da ni a ciki. Rabin nan haka zai zauna. Duk wanda ke da sauran yafiya a bakinsa ya zo in ɗaga masa tabarma.

Amarya, Allah ya gafarta miki, ya yalwata miki makwanci ki miƙe ƙafa yadda kike so. Ni ban yafe wa kowa ba tukuna, kin san mijinki, sai na gama surutu.

Iya mai waƙa kuwa ni na kai ta gida. Na ɗora ta a moto a karkace, ƙafafu a miƙe, a gaban maza duka. Ina tayar da inji ta doke ni a baya, ta ce da ƙarfi, yadda har liman sai da ya ji:

“Tafi a hankali, miji maras amfani. Gwiwata.”